Sana'ar Tufafi: Kira Ga Samari Da Masu Hali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya suturta ɗan Adam da tufafi, Ya bambanta shi da sauran dabbobi, Ya kuma sanya neman halal ya zama ibada ga wanda ya kyautata niyyarsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, filin namu na wannan mako zai yi magana ne a kan wani al'amari wanda ya dami kowane uba da kowace uwa, watau rashin aikin yi da ya addabi samari da 'yammata, da kuma wata ƙofa ta arziki wadda take buɗe alhali da yawa suna wuce ta ba su waiwaya ba. Wannan ƙofa kuwa ita ce sana'ar ɗinki da zayyanar tufafi.

Duk wanda ya zaga unguwa da hantsi zai ga majalisun samari a gindin bishiya, waɗansu da takardun shaidar ilmi a ajiye cikin akwati, shekara uku ko huɗu ana jiran aikin ofis wanda bai zo ba. Yawan mutanen Nijeriya ya haura miliyan 200, kuma fiye da rabinsu ba su kai shekara 30 da haihuwa ba. Babu gwamnatin da za ta iya ba waɗannan duka kujera da tebur. Amma kowane ɗaya daga cikin miliyoyin nan yana sa tufa, tun daga zanen goyo har zuwa likkafani. Ga Salla biyu a kowace shekara, ga biki da suna, ga kayan makaranta na yara. Abin mamaki ne a ce ga bukata irin wannan, sa'an nan ga majiya ƙarfi suna zaman kashe wando, wandon ma wani ne ya ɗinka shi a wata ƙasa.

TUFAFI NI'IMA CE DAGA ALLAH

A cikin Suratul A'arafi, aya ta 26, Allah Ya tunatar da 'ya'yan Adam cewa Shi ne Ya saukar musu da tufa domin rufe tsiraici da kuma ado, sa'an nan Ya bayyana cewa tufar taƙawa ita ce mafificiya. Mai lura zai ga an ambaci sutura da ado a wuri guda, kuma dukansu an kira su baiwa. A aya ta 31 ta wannan sura an umurci mutane su yi ado a duk lokacin da za su yi salla, a ta 32 kuma an yi inkari ga wanda ya haramta adon da Allah Ya fitar domin bayinSa. A Suratun Nahli, aya ta 81, an lissafa riguna masu kare zafi da masu kare makami a cikin ni'imomin Ubangiji.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani mutum ya tambaya game da wanda yake son rigarsa da takalminsa su yi kyau. Sai ya amsa masa da cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ashe ke nan wanda ya ɗinka riga ya ƙawata ta, muddin bai ƙetare iyaka ba, yana aiki ne a cikin abin da Allah Yake so.

Saboda haka ne malamai suka ɗaukaka matsayin wannan sana'a. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa noma da saƙa da ɗinki a cikin farillan kifaya, watau ayyukan da in aka rasa mai yin su a gari, mutanen garin baki ɗaya sun yi laifi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya keɓe wa saƙa da ɗinki fasali guda a cikin Muƙaddimarsa, ya kuma ambaci cewa ana jingina asalin ɗinki ga Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

MAGABATA BA SU RAINA AIKIN HANNU BA

Annabi Dawuda sarki ne kuma annabi, amma Allah Ya koya masa ƙera sulke, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i, aya ta 80. A Suratu Saba'i, aya ta 10 da ta 11, an faɗi cewa an tausasa masa ƙarfe, aka umurce shi ya yi sulkuna wadatattu, ya kuma daidaita awon zobbansu. Wannan darasi ne ga kowane mai riƙe da tef da alli: daidaita awo umurni ne da aka taɓa yi wa annabi. Buhari ya ruwaito cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. Muslim kuwa ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya masassaƙi ne.

A cikin littafin ciniki na Sahihul Buhari akwai babi a kan tela, akwai kuma babi a kan masaƙi. A na farko, Anas ɗan Maliku ya ba da labarin wani tela da ya gayyaci Manzon Allah cin abinci, ya amsa gayyatar, aka kawo gurasa da romo mai kabewa da busasshen nama. A na biyu, Sahlu ɗan Sa'adu ya ba da labarin wata mata da ta saƙa mayafi da hannunta ta kawo wa Manzon Allah kyauta, ya karɓa yana bukatarsa, ya ɗaura. Shugaban halitta ya shiga gidan tela ya ci abincinsa, ya kuma sa saƙar hannun mace. To, wane ne kuma zai ce ɗinki ya yi wa ɗansa ƙanƙanta?

Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi tana aiki da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, kuma Nana A'isha ta shaida cewa saboda haka ne ta zama mafi tsawon hannu a cikin matan Annabi, watau mafi yawan kyauta. Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira, ɗan kasuwar tufafi ne a Kufa, kuma cinikin bai hana shi zama limamin mazhaba ba.

GADON ƘASAR HAUSA

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufkar igiya domin ya ci daga guminsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta a cikin littafinsa Usulus Siyasa cewa wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba su wadatuwa da barinsu, ya kuma ambaci teloli da marina a cikinsu tare da manoma da maƙera.

Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna tafiya a kan raƙuma har Tumbuktu da Gat da Murzuƙ da Tarabulus. Auduga daga gona take zuwa hannun mata su gurza su kaɗa, zaren ya tafi wurin masaƙi, daga nan sai marina, sai masu bugu, sai maɗinka, sai fatake. Riga guda tana ciyar da gida shida ko bakwai kafin ta hau jikin mai ita. Marinar Ƙofar Mata tana nan har yanzu tana shaida, haka nan garin Kura da turkuɗinsa wanda Buzaye suke so, da birnin Zariya da aikin babbar riga irin su aska biyu da aska takwas. Almajirai da yawa da ɗinkin hula suka riƙe kansu har suka sauke Alƙur'ani, ba su miƙa wa kowa hannu ba.

A zamanin Sardauna an buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, waɗansu suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta cika da dubban ma'aikata. Daga bisani rashin wutar lantarki da kwararowar yadin waje mai araha suka durƙusar da su, ita Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Yanzu akasarin yadin da ake sayarwa a Kantin Kwari daga waje yake zuwa, musamman ƙasar Sin, kuma jallabiyoyi da abayoyi ɗinkakku ana shigo da su daga ƙasashen Larabawa da Asiya. Farfaɗo da masaƙa aiki ne mai bukatar babban jari da hannun hukuma. Ɗinki da zayyana kuwa suna hannun duk wanda ya mallaki keke da almakashi da basira.

TSAKANIN TELA DA MAI ZAYYANA

Ya kamata a fahimci bambanci a nan. Tela yana zaune a shagonsa sai an kawo masa yadi ya auna ya ɗinka, aikinsa yana yawaita gab da Salla, bayan Salla kuma kasuwa ta yi sanyi. Mai zayyana kuwa shi yake tunanin salon, ya zana shi a takarda, ya sayi yadin da kansa, ya yanka a kan awo daban daban na manya da matsakaita da yara, ya sa sunansa a wuyan riga, ya kai kanti ko ya nuna a waya. Bai jira ciniki ya zo masa ba, kuma yana iya aiki duk tsawon shekara.

A nan ne aikin yi yake yaɗuwa. Mai zayyana guda yana bukatar mai yanka, da masu hawa keke, da mai surfani, da mai sa maɓalli, da mai guga, da mai ɗaukar hoto, da mai kai kaya, da mai riƙe lissafi. Yarinyar da ta ƙware a ɗinkin hijabi da doguwar riga tana iya ɗaukar maƙwabtanta mata aiki alhali kowacce tana cikin gidanta. Makarantun boko da na Islamiyya suna bukatar kayan ɗalibai kowace shekara, asibitoci da kamfanoni suna bukatar na ma'aikata. Wanda ya yi karatu mai zurfi bai yi asara ba in ya shiga wannan fage, domin lissafin riba da faɗuwa, da rubuta yarjejeniya, da iya magana da baƙi, su ne abubuwan da sau da yawa ƙwararren tela yake rasawa.

Hanyar koyo ma a buɗe take. Akwai zama a ƙarƙashin maigida a shago har a yaye mutum, wanda shi ne tafarkin da aka gada. Akwai Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, mai shirin haɗa matasa da masu sana'a. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen da ake koyar da zayyanar yadi. Sai dai dole saurayi ya yi haƙuri da shekarun koyo, ya share shago, ya yi guga, ya warware ɗinkin da ya karkace ya sake. Wanda ya buɗe shago bayan wata uku da fara taka keke, yadin mutane zai ɓata, sunansa kuma ya ɓaci tare da shi.

IYAKOKIN DA SHARI'A TA GINDAYA

Kowace sana'a tana da ramin da masu ita suke faɗawa, kuma ramin teloli sananne ne, watau saɓa alkawari. Har ya zama abin ba'a a gari, a daren Salla a ga mutane sun cika ƙofar shago, mai shagon ya ɓuya ko ya kashe waya, yara su kwana suna kuka. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawura, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa saɓa alkawari ɗaya ne daga alamomi uku na munafuki, tare da ƙarya da cin amana. Tela ya san yawan rigunan da yake iya gamawa a rana, ya kuma san sauran kwana nawa Salla. In ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, ya amshi kafin alƙalami, yana sane ba zai gama ba, to ya haɗa ƙarya da saɓa alkawari tun kafin ya sa almakashi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya ce wa mai kaya babu wuri tun a farkon Ramalana ya fi masa alheri duniya da lahira.

Na biyu shi ne ragowar yadi. Yadin da aka kawo amana ne, abin da ya saura na mai shi ne. In an kawo yadi biyar, huɗu suka isa, wajibi ne a mayar da ɗayan ko a nemi izini. 'Yan ƙyallayen da al'ada ta nuna babu mai neman su, waɗannan babu laifi. Amma a matse yanka da gangan domin a fitar da rigar yaro a sayar, wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Na uku, lamuni. A mazhabar Imam Malik, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a cikin Risala, mai sana'a yana lamunce kayan da ya karɓa ya keɓanta da su, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Saboda haka telan da ya ƙona shadda da dutsen guga, ko ya yanka ta ba bisa awo ba, ko ta ɓace a hannunsa babu shaidar da za ta wanke shi, biya ya hau kansa, ban haƙuri kaɗai bai wadatar ba. Yana da kyau a rubuta awo da salo da lada da ranar karɓa a littafi, domin ayar bashi a Suratul Baƙara ta koyar da cewa rubutu ya fi kusa da kawar da shakka.

Na huɗu, algus. Wanda ya nuna hoton riga mai kyau a waya ya aika da wata daban, ko ya sayar da shadda ta kwaikwayo da sunan ta asali, ko ya manna sunan wani mai zayyana a kan ɗinkinsa, ya shiga cikin gargaɗin hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai ha'inci. Mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya ga aibin da aka ɓoye masa.

Na biyar, salon kansa. An saukar da tufa domin sutura kafin ado, saboda haka adon da ya kawar da sutura ya juyar da al'amari. Suratun Nuri, aya ta 31, da Suratul Ahzabi, aya ta 59, sun bayyana yadda mace mumina za ta fita, kuma Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan mata masu tufa alhali tsirara suke. Abin da mace za ta sa a ɗakin mijinta hukuncinsa daban ne da abin da aka ɗinka domin titi. Haka nan alharini tsantsa haramun ne ga maza. Kuma bai halatta namiji ya zagaya tef a jikin matar da ba muharramarsa ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: a kawo tsohuwar riga a yi awo da ita, ko a ɗauki mace aiki ta riƙa auna mata, ga shi kuma an ƙara wa mutum guda abin yi. Kada wani ya zaci waɗannan iyakoki suna rage kasuwa. Miliyoyin mata Musulmi suna neman tufa mai sutura mai kyau, wadda ta dace da zafin ƙasarmu, kuma wanda ya iya wannan ba zai rasa masu saye ba.

Na shida, salla da haƙƙin yara. Goman ƙarshe na Ramalana su ne kwanakin da keke ba ya tsayawa, su ne kuma mafi daraja a shekara. Suratul Jumu'a ta umurci a bar ciniki in an kira salla, in an idar kuma a watsu a nemi falalar Allah. Maigida kada ya mai da ɗan koyo bawa, shekara biyar yana aike da ɗebo ruwa ba a nuna masa sirrin yanka ba. Buhari ya ruwaito cewa Allah da kanSa zai yi husuma ranar Alƙiyama da wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Masu kai ɗinki su ma su ji tsoron Allah, domin jinkirin mawadaci wajen biyan haƙƙi zalunci ne.

KIRA GA IYAYE DA MASU HALI

Sau da yawa saurayi yana gama koyo ya tsaya cik saboda rashin kuɗin keke da na hayar shago. A nan nauyi ya koma kan masu hali. Shari'a ta buɗe ƙofar ƙiradi, watau wani ya ba da jari, wani ya juya shi a ciniki, a raba riba bisa kason da aka yarda tun farko. Ta buɗe ƙofar rance mai kyau wanda babu ruwa a cikinsa. Akwai kuma sayar da kaya bashi da sananniyar riba, irin yadda bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suke yi, kamar Ja'iz wanda ya fara aiki a 2012. Imam Nawawi ya bayyana cewa fakirin da yake da sana'a ana ba shi daga zakka abin da zai sayi kayan aikinsa. Attajirin da yake tara mutane a ƙofar gida ya raba musu abin da ba zai kai mako ba, da zai duba wannan magana ya saya wa mutum biyar kekuna, mai yiwuwa ne baɗi waɗansunsu su zama masu ciyar da gida. Kwamitocin masallatai ma suna iya haɗa hannu su yi haka ga marayu da zawarawan unguwa.

Iyaye su daina ganin cewa ɗan da ya koyi sana'a shi ne wanda karatu ya gagara. Ana iya haɗa biyun, makaranta da safe, shago da la'asar. Shugabanni kuma su tuna da wasiyyar Sarkin Musulmi Bello, su samar da wutar lantarki, su ba da kwangilar kayan ɗalibai da na ma'aikata ga maɗinkan gida. Jama'a su ma suna da rabo, domin duk wanda ya sayi ɗinkin ɗan'uwansa ya sa abinci a tukunyar wani gida.

Samari kuwa su tuna da Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya isa Madina ba shi da kome, ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi masa addu'ar albarka ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Su tuna kuma da hadisin Zubairu ɗan Awwamu a cikin Buhari, cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya kare mutuncinsa ya fi masa roƙon mutane, su ba shi ko su hana. In ɗaukar itace a ka yana da wannan daraja, ina ga sana'ar da take rufa wa Musulmi asiri, wadda da ita suke tsayuwa gaban Ubangijinsu sau biyar a rana?

Allah Ya azurta matasanmu da sana'a mai albarka, Ya ba masu sana'a gaskiya da riƙon amana, Ya buɗe zukatan masu hali, Ya suturta mu duka da tufar taƙawa. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya so.